Fayil Ɗin da ke Hannun Yaya

Litinin, 9:15 na safe

Likita ta kira ni ko jaka ban ajiye ba. Ta ce ga mutum goma sha ɗaya zaune a barandar asibitinta, kowa da waya a hannu, kowa manhajarmu ta nuna masa yau ce ranarsa ta ganin likita, amma babu sunan ko ɗaya a kwamfutarsu. Ta ce tun makon jiya ma'aikatanta ke ganin ɗaya biyu, suna zaton mutanen ne suka ruɗe. Matar nan in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ta riƙa ce wa mutum "'yar uwa". Sau huɗu ta ce min 'yar uwa.

Na sayi littafin nan ne don rubuta abin da aka tsayar a taron ofis. Mu uku ne a ofishin, ni da Yaya da Dogo mai gwaji, kuma ba mu taɓa yin taro ba, daga kujera ake jefo magana. To ga shi ya samu aiki.

Shekara shida masu hawan jini da masu ciwon suga suna kama rana da manhajar nan, tana tuna musu lokacin magani, ba a taɓa jin kanmu ba. Yaya bai iso ba tukuna.

Litinin, 5:40 na yamma

Na gano inda mutanen suka shige. Duk suna sabar gwaji.

Bari in rubuta shi dalla-dalla, don jibi zan yi wa Likita bayani kuma ba ta son kame-kame. In aka buɗe manhajar, abin da take fara yi shi ne ta karanta wani ɗan fayil da ke cikinta, fayil ɗin saiti. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Layi-layi ne, suna a hagu, abin da aka ba shi a dama, alamar daidai a tsakiya. A nan take ganin adireshin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye sunayen marasa lafiya, da ƙarfe nawa za ta tuna wa mutum magani, da sauran tarkace. In ta duba ba ta ga adireshi ba, sai ta ɗauki na ko-ta-kwana da ke rubuce a jikinta, wato na sabar gwaji inda muke wasa da sunayen ƙarya. Ba ta kuka, ba ta gargaɗi, ta ci gaba da harkarta kamar ba abin da ya faru. Ni na rubuta ta haka shekara shida da suka wuce, har ina jin na iya.

Kwana goma sha ɗaya ke nan tana kai mutane can. Na juya sabar gwajin ta riƙa miƙa komai ga ta gaske, ni da Dogo muka kwashe sunaye ɗari biyu da ɗoriya da hannu. Ɓarnar ta tsaya. Abin da ya rage shi ne me ya sa ba ta ga adireshin ba.

Fayil na gaske a kwamfutar Yaya yake, shi kaɗai. Shekara huɗu da suka wuce wani da ya yi aiki da mu ya taɓa shi ya jawo mana kwana biyu na tashin hankali, tun ranar Yaya ya ɗauke shi daga inda kowa ke gani. Duk Alhamis shi ke zama ya haɗa sabuwar manhaja ya aika kantin intanet inda ake sauke ta a waya, da hannunsa. Ni da muka fito ciki ɗaya, rabona da ganin fayil ɗin tun lokacin.

Na ce, "Yaya, ko za ka duba min layin adireshi?"

Ya buɗe, ya karkata kwamfutar gefen bango, ya duba, ya rufe. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Auta. Ki duba wajenki."

Shekarata talatin da takwas, 'ya'yana uku, har yau Auta.

Talata, 1:30 na rana

Na duba wajena. Lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 4:20 na yamma

Na je asibiti da kaina. A baranda na tarar da wani dattijo da aka mayar gida ranar Litinin, ya dawo yau. Mota biyu yake hawa kafin ya iso. Da aka ce masa ni ce mai manhajar, na shirya shan faɗa, sai ya miƙo min wayarsa ya ce, "'Yata, ki ƙara min girman rubutun nan, idona ya fara raina ni." Gara a ce ya zage ni.

Likita ta saurari bayanina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce ta gamsu an gyara, amma hukumar asibitin ta ce sai an kawo mai bincike daga waje ya buɗe manhajar ya faɗi abin da ya faru. Ya riga ya kwafi wadda ke wayarta. Yana da wani aiki a gabansa, sai Juma'ar sama zai fara namu, Litinin ta biye ya kawo rahoto, kuma tana son mu je mu duka.

A ofis Dogo ya ce, cikin ladabinsa na mai tsoron a ce ya yi rashin kunya, "Oga, da za ka ba mu kwafin fayil ɗin, ko don gwaji." Yaya ya sha mur ya ce shi ya koya mana aikin nan mu biyu, ba mu za mu koya masa ajiya ba. Gaskiya ce. Ni dai a kan tsohuwar kwamfutarsa na koyi buga harafi, yana tsaye a kaina yana dungure min kai.

Dogo ya kalle ni, na kalli fanka.

Alhamis, 2:50 na rana

Aikin da Yaya ke gamawa kafin shayinsa ya huce, yau ya kai shi har azahar. Ina jin shi yana buɗewa yana rufewa. Sau biyu ya tashi ya tsaya bakin taga yana kallon masu gyaran babur na ƙasa.

Ya kira Dogo da sunan mutumin da ya bar mu shekara huɗu da suka wuce. Dogo ya amsa kamar sunansa ne, bai ko ɗaga kai ba. Yadda ya amsa ɗin ne ya dame ni, don ya nuna ba yau aka fara ba.

Gajiya ce. Mutum ya haura hamsin da biyar, yana barci kaɗan, dole.

Sabuwar da ya aika yau ma sabar gwaji take nema. Juyin da na yi ne ya rufa mana asiri. Ban gaya masa ba.

Juma'a, 10:05 na safe

Ban taɓa masa kwamfuta ba, ina so wannan ya zauna a rubuce. Ba sai na taɓa ba. Fayil ɗin saiti ai tare da manhajar ake ƙunshe shi, yana cikin duk wayar da ta sauke ta. Na ciro manhajar daga wayata na kwance ta a kwamfutata, aikin minti biyu, abin da mai binciken zai fara yi ke nan. Me ya hana ni yi tun Litinin? Na san abin da ya hana ni.

Layin adireshi yana nan, daidai, ba harafin da ya ɓata. Sai dai akwai # a gabansa, alamar nan da muke ce wa tsani. Duk layin da ya fara da ita manhaja ba ta karanta shi, tsallakewa take. Don haka ake sa ta in mutum zai bar wa kansa bayani, ko in yana son ya kashe layi na ɗan lokaci ya yi gwaji. Ya sa ta ya yi gwaji bai cire ba. Kuskure ne da kowa a sana'ar nan ya taɓa yi, ni ma na yi.

Fayil ɗin da na sani layi goma sha takwas ne. Wannan ɗari da arba'in da biyu.

Juma'a, 6:10 na yamma

Na ce ba zan kwafe su a nan ba. Zan kwafi kaɗan.

# Alhamis ake haɗawa. Ka duba waya ka ga ko yau ce.
# Mai gwaji Dogo ne. Wancan ya tafi tuntuni.
# Ɗan Dogo ya karye a hannu, ka tambaye shi ya jiki.
# Hanyar gida: bayan gidan mai, kwana ta biyu hannun dama, ƙofa shuɗiya.
# Auta ba ta shan sukari. Kada ka sake sa mata.
# Ka cire tsanin gaban adireshi kafin ka haɗa.
# An riga an yi bikin babbar 'yarka. Kada ka tambaya.
# Kada Maman yara ta sani tukuna.

Layin cire tsani sau uku ya rubuta shi, a wuri uku.

Na gane dalilinsa. A duk duniya nan ne wurin da ya tabbata ba mai buɗewa sai shi, kuma yana buɗe shi kullum. Abin da ya shige masa shi ne fayil ɗin na tafiya da manhajar. Shi ya koya min haka a makona na farko, har da cewa kada in kuskura in rubuta a ciki abin da ba zan so a karanta a kasuwa ba.

Waya dubu shida da wani abu. Ba wanda zai buɗe, marasa lafiya ba ruwansu da kwance manhaja. Mutum ɗaya ne zai buɗe, kuma na san ranar.

Asabar, 11:00 na safe

Na wanke labulen gidan nan duka, har da na ɗakin da ba a shiga.

Lahadi, 5:30 na yamma

Mun je gidan Yaya da yara. Yana tsakar gida yana gyara wa ƙaramin jikansa keke, yana tsokanar babbar 'yata wai ta fi shi tsawo da rashin kunya. Lafiyarsa ƙalau. Ya ba mu labarin ranar da na ɓata a tasha ina shekara biyar, bai bar ko kalar takalmina ba. Na zauna ina ce wa kaina to ga shi nan, me kike nema kuma.

A kicin matarsa ta ce, "Auta, aiki ya yi muku yawa ne kwanan nan? Yayanki sai ya kai magariba a hanya."

Na ce, "Eh, Anti, akwai ɗan aiki."

Ƙarfe huɗu yake barin ofis. Tafiyar minti ashirin ce.

Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe, ta ce, "Ki riƙa lura min da shi." Na ce to. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Ban san abin da ta sani ba, ita ma ba ta san abin da na sani ba, muka yi ta hirar tsadar makarantar yara.

Da zai zuba min shayi ya ɗauki cokalin sukari, ya tsaya, ya mayar.

Litinin, 12:40 na rana

Na ɓata safiya ina neman dabara. In haɗa sabuwa mai tsabta in aika kanti a ɓoye? Ba ta hana komai, mai binciken na da tsohuwar a hannunsa. In kira shi in roƙe shi? Ban san shi ba, kuma roƙon kansa tona asiri ne. In ce ni na sa tsanin? Zan iya, amma ba ni na rubuta hanyar gidan Yaya ba.

Ko ta ina na bi, ranar Juma'a wani baƙo zai zauna ya karanta abin da Yaya ya ɓoye wa matarsa, ranar Litinin kuma Yaya zai shiga ɗakin taro bai san an karanta ba. Wannan ne ba zan bari ba. Dole ya ji daga bakina, kuma dole fayil ɗin ya bar hannunsa. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don duk abin da ya rage masa na ofishin nan shi ne Alhamis.

Talata, 4:15 na yamma

Na ce, "Yaya, ina son magana da kai." Ya ce yana ji. Na tambaye shi ko mu sayi sabuwar firinta.

Laraba, 7:20 na safe

Maigidana ya ce kwana biyar ke nan ina zuba wa yara ruwan wanka ina mantawa da sabulu. Na gaya masa komai. Da na gama ya ce, "Ke tausayinsa kike ji, ko tsoron ya daina zama Yayanki?"

Na ce masa ya tashi ya makara. Haushinsa nake ji har yanzu, don bai kamata mutumin da ba ya iya samun safarsa da kansa ya iya irin wannan tambayar ba.

Laraba, 3:35 na yamma

Na koma wajen Likita da niyyar in ɗora wa kaina laifin ko zai rage wani abu. Na ce ni na tsara manhajar ta yi shiru in ba ta ga adireshi ba, da ta yi kuka da tun ranar farko an gane. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Ta ce, "Na ji. Ba neman wanda zan kora nake ba." Ta cire gilashinta ta ajiye. "Yayanki ya kira ni ranar Litinin ya ba ni haƙuri. Na ji daɗi. Jiya ya sake kira ya ba ni haƙurin, kalma ɗaya bai canza ba."



Ta jawo takarda ta rubuta sunan wani likita da lambarsa, ta ninke ta miƙo min. Ta ce da wuri ya fi, akwai abin da ake iya yi in an zo da wuri. Ba ta ce min 'yar uwa ba ko sau ɗaya. Takardar na cikin jakata, a aljihun da zif ɗinsa ya lalace.

Alhamis, 8:00 na safe

Na ce masa kada a haɗa komai wannan makon sai an gama bincike. Ya yarda. Ina jin har sauƙi ya ji.

Juma'a, 2:00 na rana

Yau mai binciken ya fara. Wataƙila a daidai wannan lokacin yana karantawa. Na aika wa Yaya saƙo ya zo ofis gobe da safe, mu biyu.

Asabar, 1:45 na rana

An yi.

Ya zo da kayan zaman gida, yana mitar an hana shi hutu. Masu gyaran babur ba su buɗe ba, unguwar tsit. Ban yi dogon sharhi ba don na san in na fara zan sake ɓullewa ta firinta. Na buɗe fayil ɗin a kwamfutata na juyo masa da ita.

Ya karanta layin farko, ya kai hannu zai rufe, ya fasa. Ya ce, "A ina kika samu?"

"A wayata, Yaya. A cikin manhajar."

Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce a hankali, "Yana tafiya da ita." Ya sake cewa, "Yana tafiya da ita, ni na koya miki."

Na ce eh.

"Waya nawa?"

Na faɗa masa. Na ce ba mai buɗewa sai mai binciken, shi kuma ya riga ya buɗe jiya.

"Ke kaɗai kika sani?"

Na ce ni da maigidana. Na ce Dogo bai ga fayil ba amma ba makaho ba ne, Likita ma haka. A nan ne na kasa, na yi kukan da na yi kwana takwas ina haɗiyewa, shi kuma ya zauna yana ba ni haƙuri, kamar ni ce abin ya samu. Ya ce wajen shekara ke nan. Ya ce da farko sunaye ne, sai ranaku, sai ranar da ya tsaya a bakin gidan mai da mota bai san dama zai yi ko hagu ba, a titin da ya yi shekara ashirin yana bi. Ya ce ya so ya kai ƙarshen shekara ya miƙa min komai a tsare, kada a ce an karɓe masa.

Na ce, "Ba karɓewa zan yi ba. Za ka zauna kusa da ni in haɗa kana kallo, in na yi shirme ka dungure min kai."

Ya yi 'yar dariya ya ce hannunsa ya gaji da kaina tun tuni.

Shi da kansa ya kwafe fayil ɗin ya sa a inda mu uku ke gani. Muka raba shi biyu. Layi goma sha takwas suka zauna, sauran na buga masa su a takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaba, muka goge su daga kwamfutarsa. Na gyara manhajar yana kallo, yanzu in babu adireshi, ba za ta ma haɗu ba, za ta tsaya ta faɗi abin da ta rasa. Ya ce da haka aka yi tun farko. Na ce ai laifin malamina ne.

Na ba shi takardar Likita. Ya karanta ya haɗa ta da ɗayar. A bakin matakala ya ce gobe zai gaya wa Maman yara da bakinsa, kada in riga shi.

Lahadi, 6:25 na yamma

Anti ta kira. Ta ce, "Ya gaya min." Ta ce wata biyar ke nan tana bin bayansa da kallo daga taga in zai fita, tana jiran ya faɗa. Ta ce ya zaunar da ita, ya yi bayani tiryan-tiryan kamar mai karanta wasiƙa, har ya nemi gafararta. Laraba za su je wajen likitan.

Litinin, 3:10 na yamma

An yi taron. Mai binciken mutum ne mai sanyin magana, da furfura a gemu. Ya bayyana tsanin, ya bayyana shirun manhajar, ya ba da shawara kada fayil ya sake zama a hannun mutum ɗaya. A ƙarshen shafi na biyu akwai layi guda, wai an samu bayanan da ba na aiki ba a cikin fayil ɗin, a cire su. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ya zo wurin bai ɗaga ido daga takardar ba. Allah ya saka masa.

Wani daga hukumar ya tambayi wa ya sa alamar. Kafin in buɗe baki Yaya ya miƙe ya ce shi ne, kuma daga yau aikin haɗawa ya koma hannun ƙanwarsa, wadda ta fi shi iyawa tun tuni yana ƙin faɗa. Aka yi dariya. Za su ci gaba da aiki da mu.

A mota Dogo ya yi ta share hanci wai mura ce.

Laraba, 5:00 na yamma

Sun je. Anti ta ce za a yi gwaje-gwaje, an ba su wata rana. Ban tambayi sunan abin ba, ba ta faɗa ba.

Gobe zan haɗa ta farko da hannuna.

Alhamis, 11:50 na safe

Na iso takwas saura na tarar da ƙofa a buɗe. Yaya na kan kujerarsa, kwamfuta a gabansa, ya karkata ta gefen bango. Bai amsa gaisuwata ba.

Ya ce, "Auta, wa ya taɓa min fayil?"

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Ya sake riga, takardar na can a aljihun waccan rigar.

Ya ce an shiga an goge masa abubuwa, abubuwa masu muhimmanci, kuma ga Alhamis ta zo bai san ta inda zai fara ba. Ba faɗa yake ba. Tsoro ne a fuskarsa, irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba tun tasowata.

Na rufe ƙofa, na aika wa Dogo saƙo ya tsaya ya sha shayi a ƙasa. Na jawo kujera kusa da shi na ce, "Ni da kai muka taɓa, Yaya. Bari in gaya maka." Na fara daga kiran Likita. Wannan karon ban yi kuka ba. Ya yi min tambayoyin ranar Asabar a jere yadda ya yi su, a ina na samu, waya nawa, ni kaɗai na sani. Ya cire hularsa a daidai inda ya cire ta.

Da na kai ƙarshe ya ce, "Maman yara fa? Kada ta ji a bakin wani."

Na ce, "Ta ji a bakinka. Ranar Lahadi ka zaunar da ita ka gaya mata komai."

"Ni?"

"Kai."

Ya daɗe yana kallon hular. Ya ce, "Ashe na yi ƙoƙari."

Na ce ka yi, Yaya.

Mun haɗa tare, yana gefena, ta tafi lafiya kafin goma. Na gaya wa maigidana daga yanzu shi zai riƙa kai yara makaranta duk Alhamis. Ina so in riƙa isowa kafin Yaya.